Ranar da Mahauci Ya Ga Hantarsa

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Mamudu, mahauci a Djougou, kuma har yau babu wanda ya maye gurbinsa a bakin kwanona.

Shi ya koya mini fawa. Dokarsa ɗaya ce: in an feɗe dabba, hanta ake fara dubawa, in ta yi tabo a gaya wa mai saye, ko da za a kwana da naman. Mahauta suna tsokanarsa da Liman.

Da ciwon ciki da rama suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, na kai shi asibiti a Parakou. Gwajin jini ya nuna sida, wato ƙanjamau. Likita ta shafa masa wani mai a ciki, ta ɗora na'urar da suke kira ekografi. Ta nuna mana saifa ta kumbura, kaluluwa sun fito kusa da hanji, ruwa ya taru, ga ɗige-ɗige a hanta. Ta ce da alama tarin fuka ne ya sauka ciki. Ni duhu kawai nake gani. Shi kuwa ya ƙura wa allon ido.

"Isa," ya ce, "da saniya ce, ai da na gaya wa mai saye."

A mota na roƙe shi mu ce wa mutane ciwon shawara ne. Ya ƙi. Ya faɗi sunan cutar a gida don a gwada matarsa Hajara, aka kuma same ta da ita. Kafin mako ya zagayo labari ya kai kasuwa. Teburinsa ya mutu. Abokan da muke cin sakwara kwano ɗaya kowa ya tsiro da uzuri, har ya rage daga ni sai shi. Na ji haushinsu, har yanzu ina ji.

Yau akwai magani, masu cutar suna noma suna aurar da 'ya'ya. Da ya ga haka zai yi murna, sannan ya tambayi dalilin da har yanzu ake raɗa sunanta.

Magani bai riske shi ba, amma ya riski Hajara, domin an san ciwonta da wuri. Bara ta goya jikanta na fari. Ni kuma kullum na feɗe dabba sai na juya hantar, in waiga in nuna wa Mamudu. Babu kowa a wurin. Allah ya jiƙan Yaya.