Awa Goma Sha Huɗu Ba Tsayawa

Shekara talatin da ɗaya Baba Sannu-Sannu ya yi yana jan tirela, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Dokarsa ɗaya ce: in ya yi awa shida a kan sitiyari, sai ya sauka gefen titi ya wanke fuska ya miƙe bayansa, ko da mai kaya zai haɗiyi zuciya. Don tsiya abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan. Uku daga cikinsu shi ya ɗauko gawarsu a hanya, duk gyangyaɗi ne sanadi.

Bayan ya ajiye aiki, autarsa da ke aikin jinya a wata nahiya ta aiko wa mahaifiyarta tikitin jirgin sama. Cikin autar na fari ya tsufa, kuma ba ta da kowa a can sai miji. Baba ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar a teburin falo. Kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu, awa goma sha huɗu, ba tsayawa. Ya ɗauki fensir ya raba: da tirela, tafiyar kwana ashirin da biyu ce.

"Ba inda za ki," ya ce wa matarsa.

"Malam, yarinyar nan haihuwa za ta yi!"

"Na sani. To wane ɗan Adam ne zai yi awa goma sha huɗu yana tuƙi ido biyu? A sama ina gefen titi?"

"Kai da ko tsani ba ka hawa, kai za ka koya wa masu jirgi aiki?"

Kwana uku ba ta kula shi ba. Shi ma abinci ya ƙi wuce masa, don muryar auta a waya ta fara rawa. Ran na huɗu ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya je ofishin sayar da tikiti, ya bi layi. Da aka zo kansa ya tambayi ma'aikaciyar wa ke karɓar direban jirgin in ya gaji.

Ba ta yi dariya ba. "Baba, a doguwar tafiya irin wannan su huɗu ne. Biyu na tuƙi, biyu na barci. Akwai gadonsu a cikin jirgin."

"Gado na gaske?"

"Har da bargo."

"Kuma ba mai buga musu ƙofa ya ce ana sauri?"

"Wanda bai huta ba ma, doka ta hana shi tuƙi."

Baba ya cire tabarau. Ya share ido da hannun riga, ya yi mata godiya har sau biyu.

A gida ya tarar da matarsa a kicin, ta juya masa baya. Ya yi gyaran murya.

"Wai kayan jaririn nan za su shiga akwati ɗaya, ko in samo miki wata jaka?"