Ranar da na goya surukina

Gidan da aka kai ni aure a gindin dutse yake, can wajen Shanono. Bayan gidan akwai katangar duwatsu, ba laka ba siminti, jera su kawai aka yi kan juna tun zamanin kakan maigidana. Ita ke tare ƙasar gonar da ke sama da mu, kuma ta fi tsayin mutum. Da damina ruwa ya tsiyayo ta tsakanin duwatsun ya wuce abinsa, ba wanda ya taɓa damuwa da ita.

Sai masu fasa dutse suka sauka a ɗaya gefen dutsen. Bayan azahar su busa ƙaho, jim kaɗan su tayar da nakiya, ƙasa ta girgiza har kwanuka su yi ƙara a ɗaki. Ba a daɗe ba katangar ta fara yin ciki. Na yi magana, maigidan ya ce a bari a gama noma. Shi komai a bari ne, Allah ya shirye shi.

Surukina kuwa tsufa ya cinye masa ƙafafu da ido, kunnen ma sai an ɗaga murya. A inuwar katangar nan ake shimfiɗa masa buzu, ya wuni yana jan carbi. Ni kuma tunda na zo gidan ban taɓa matsawa kusa da shi ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, abinci ma sai dai in ba wani ya miƙa. Haka muka taso.

Ran nan an kwana ana ruwa, maza duk suna gona. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji tsakuwa na gangarowa. Na leƙa. Ƙananan duwatsun da aka cusa tsakanin manya suna zamowa ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙiyar ƙasa na biyo su, ga Baba zaune a gindin katangar bai san me ake ciki ba. 

Na durƙusa a inda na saba, na ce, "Baba, da an gyara zama." Bai ji ba. Na sake cewa, "Baba, katangar nan." Wallahi muryata ta ƙi ɗaguwa a gabansa. Na dubi zaure ko wani zai shigo. Babu kowa.

Sai aka busa ƙahon.

Ban san lokacin da na taka buzun da takalmina ba. Na juya masa baya, na cafki hannayensa na ɗora a kafaɗuna, na daka masa tsawa irin wadda nake yi wa awaki, "Riƙe ni!" Na sunkuce shi. Ba nauyi ko kaɗan, sai ƙashi, abin ya ba ni tausayi har cikin raina. Ina kaiwa bayan rumbu nakiyar ta tashi. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, sannan na ji rugugin duwatsu a bayanmu, kamar ba zai ƙare ba. Da na waiga, inda buzun yake ya zama tudun dutse da laka.

Na sauke shi a hankali na jingina shi da rumbu. Na ja baya, na gyara ɗankwali, na durƙusa. Ya daɗe yana haki, yana lalube.

Can ya ce, "Wace ce ta ɗauke ni?"

Na buɗe baki, kunya ta hana ni cewa ni ce. Ya sake tambaya, hannunsa a miƙe yana nemana, ni kuwa ina can nesa a durƙushe ina kuka.