Sarƙar da Ta Ƙi Shiga

"Baba, kowa ka haɗa wa sarƙa sai ta zauna, ban da ni!" Tela ya jiyo muryar autan maƙwabcinsa ta bango. "Jiya ta yi sako-sako, yau kuma ta ƙi shiga. Ana jirana a daji fa!"

Mai Sarƙa ake kiran maƙwabcin. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: a kawo masa zarton inji, ya dubi ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, ya yanko daidai tsawonsa, ya haɗe bakin da ƙusa. Ko awo ba ya yi.

Zarton da autan ke magana a kai kuwa na babban ɗansa ne. Bara aka dawo da shi daga daji, ran da bishiya ta danne mai shi har lahira. Har yau garin katakon ranar na maƙale a jikinsa, tsohon ya hana a goge.

Da autan ya fice a fusace, Tela ya leƙo. "Maƙwabci, ido ne ya fara gajiya?"

Mai Sarƙa ya tsaya a bakin ƙofa, gaɓar sarƙar da ya cire da gangan na cikin tafinsa.

"Idona ƙalau," ya ce. "Ta wansa ai daram ta zauna."