Shebur Ɗin Ɗayyabu

Shekara ashirin da biyu Ɗayyabu ya yi yana lodin yashi a bakin kogin Wudil, bai taɓa jefa ƙwaya a bakinsa ba. Ƙarfinsa na tuwo ne da fura. Ni rumfata tana kusa da gada, ina tura wa mutane fina-finai a waya, don haka kullum ta gabana yake wucewa da shebur a kafaɗa.

Su shida ke cika tifa, kuma a ƙa'idarsu hannu ɗaya ake tafiya: in mutum ɗaya ya rage gudu, direba ya koma wurin wasu. Sauran biyar ɗin tun da safe suke kora ƙwayarsu da shayi. Bana Ɗayyabu ya fara ja da baya. Labaran, shugabansu, ya ce masa ko ya sha kamar kowa, ko ranar Asabar ya ba wani wuri.

Ranar Juma'a ya zube a bencina, ya tarar ina kallon fim ɗin katun na Japan. Jarumai biyu ne, ɗaya ya shekara goma yana horo a kan dutse, ɗayan allura aka yi masa ya kumbura nan take.

"Wa ke yin nasara?" in ji shi.

"Mai horon mana, Yaya Ɗayyabu. Mai allurar jikinsa tarwatsewa yake a ƙarshe."

"Shi mai horon, 'ya'yansa nawa?"

"Ba a nuna ba."

"Ai ba za su nuna ba."

Shi Ɗayyabu nasa bakwai ne. Na ji kunya, na kuma ji haushin masu zanen, mutanen da ba su taɓa ɗaga shebur ba.

Bai sha ba. Amma gida sai an ɗora tukunya, saboda haka ranar Asabar babban ɗansa Garzali, mai shekara ashirin, ya ɗauki shebur ɗin. Kwana uku ya yi da ƙarfin tuwo. A na huɗu na gan shi wurin mai shayi, Labaran yana saka masa abu a tafin hannu. Uban ma ya gani, don yana zaune kusa da ni.

Can ya nuna wayata da haɓa.

"Wannan mai allurar da ka ce jikinsa na tarwatsewa," ya ce, "yana ɗan daɗewa kafin nan?"