Furosesar da ke saida zoɓo

"Baban Rabi, maido mini tsohuwar nan!"

Haka matata ta faɗo shagona jiya, kular zoɓonta cike fal.

Laifina mi? Na gwada tsofaffin furosesa biyu masu arha, wato ƙwaƙwalwar na'ura, a kwamfutar da nake buga wa 'yan kasuwa takardu. Guda na buɗewa nan take, gudar kuwa, wadda na daɗe ina aiki da ita, ba ta buɗewa sai wani mai albasa daga Garu ya ƙare labarin daminar bara. Na ɗauki mai sauri.

Ta ce, "Dā mutane na jira, ƙishirwa ta kama su, su sayi zoɓona. Yanzu ko zama ba su yi!"

Na maida mai nawar. Kafin azahar zoɓo ya ƙare.

Jama'a, shagon ga nawa ne ko nata?