Ƙafata, humra da ƙofar ƙarfe

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ba ku ga hoton leshi ko takalmi a shafin nan ba. Masu cewa Hajiya Rabi ta karye, da masu cewa an tsare ni a China, duk saƙonku ya iso. Ina nan da raina, kuma a tsaye nake rubuta wannan.

Da bororo aka fara. Na sa sabon takalmi na yini ina zaga kasuwar Shahe da ke Guangzhou. Shekara tara ina da ciwon suga, na san ciwon ƙafa ba abin rainawa ba ne, amma na raina. Na manna filasta na ci gaba da sari.

Cikin kwana goma yatsu biyu suka yi baƙi. Ga zazzaɓi, ga wani wari da ni kaina ba na iya jurewa.

Alhaji Musa, mutumin Kumasi da ke mana lodin kaya, shi ya kai ni asibiti, shi ne kuma tafintana. Aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likitar ta ɗauki biro ta ja layi a saman idon sawuna, ta ce daga nan za a yanke.

Na ce, "Alhaji, faɗa mata da ƙafa biyu na shigo ƙasar nan, da biyu zan fita."

Ta ce akwai hanya guda, ba ta da tabbas: a cire yatsun biyu, a kankare ruɓaɓɓen naman, sannan in shiga ɗakin iska sau talatin. Kuɗin sarina kaf a nan suka tafi, ban kuma yi da-na-sani ba.

Ɗakin iskar nan tankin ƙarfe ne dogo, mai 'yan tagogi zagayayyu. Mutum takwas ake zubawa a ciki, a rufe ƙofa, a matse iska har kunne ya toshe, kowa ya sa takunkumi yana shaƙar iskar oksijin awa ɗaya da rabi. Ni da ko lif ba na shiga ni kaɗai!

Ranar farko da ƙofar ta rufu na ji kamar an binne ni. Wani tsoho a gefena, Malam Chen, mai jinyar kunne, ya taɓa kujerata. Ya nuna min in toshe hanci in haɗiye yawu, ya riƙa ƙirga min numfashi da yatsunsa har na natsu. Kullum haka yake min, ba mu taɓa yin magana ba.

An hana shiga da waya, an hana mai, an hana turare. Na ji, amma na ɗauka irin dokokin asibiti ne da ake karantawa a wuce.

Ranar Juma'a ta biyu na gaji da warin ciwo. Na ce yau dai sai na yi ƙamshi irin na matan Kano. Na ɗauko 'yar kwalbar humrata na shafa a wuya, a gashi, har da rigar audugar da suke ba mu.

Ina zama, Malam Chen ya ɗaga hanci. Sai ya miƙe ya tokare ƙofar da jikinsa don kada a rufe, yana nuna ni yana ihu, "Meyo! Meyo!", wato "babu" a yarensu.

Raina ya ɓaci. Na sha ganin masu toshe hanci idan baƙar fata ta shigo jirgin ƙasa, na ɗauka shi ma halinsa ya fito. Da Hausa na mayar masa: "Ba inda za ni! Ƙamshin nan ya fi ƙarfin gidanku!"

Nas ta sunsuna ni, fuskarta ta canza, ta tura keken guragun da nake kai waje. Ta waya Alhaji Musa ya yi min bayani: "Hajiya, humra mai ce. A cikin wancan iskar ƙyas ɗaya ya isa wuta ta tashi, kuma ƙofar ba ta buɗuwa nan take."

Da suka fito, tsohon ya zo ya zauna kusa da ni, ya yi magana a wayarsa ta fassara min. Sojan ruwa ne a da, a jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku. Ba a yaƙi, atisaye kawai suka fita, wuta ta tashi a wani sashe. Dokarsu ita ce a rufe ƙofar sashen domin sauran su tsira. Shi ne a bakin ƙofar. Abokansa suna ciki.

Ya ce, "Na ji suna bugawa. Har yau wannan kunnen yana ji."

Na kalli tankin, na kalli mutumin da ke shiga cikinsa kowace safiya da ƙafarsa, har yana ƙirga wa wata numfashi. Kunya ta kama ni, na yi kuka sosai. Na ce idan shi zai iya zama bayan ƙofar nan, wallahi tsoro bai isa ya ci min ƙafa ba.

Washegari na wanke kaina sau uku, na riga kowa shiga.

A shiga ta ashirin da biyu nama ja ya fara tsirowa. Likitar ta duba, ta duba, ta ce, "Kin yi taurin kai, ya yi amfani."

Alhamdu lillahi. Na gode wa Alhaji Musa da maiɗakinsa da ta riƙa aiko min da tuwo, da 'yan uwana na Kano da ba su gaji da addu'a ba. Malam Chen kuwa, ranar sallamata na ba shi kwalbar humrar ya kai wa matarsa. A bakin titi na ba shi, nesa da tankin.

Masu suga, ku duba tafin ƙafarku kowace rana, ko da madubi ne. Kada ku shiga kasuwa da sabon takalmi. Bororo ya kwana biyu bai bushe ba, ku tafi asibiti. Idan aka ce kada ku shafa wani abu, ku tambayi dalili kafin ku yi irin nawa.

Na baro yatsu biyu a Guangzhou. Layin biron nan kuwa, da hannuna na wanke shi, kuma ƙafar da aka ja shi a kai ita na fara ɗorawa a matakalar jirgin Kano.