Baba Jang da Ruwan Alwala

Da zarar masallata sun watse daga sallar asuba, za ka ga Baba Jang durƙushe a bayan masallacin da ke jikin ɗan lambun shaƙatawa na Gwarzo, fartanya a hannu, yana yashe magudanar da ya haƙa da kansa. Ruwan alwalar da kowa ya zubar ya manta, shi yake korawa gindin darbejiya da mangwaro, bishiya bayan bishiya.

Mutumin Filato ne, Kirista, an ɗauke shi aikin lambun tun da sauran ƙarfinsa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, tankar ruwa ta daina zuwa, abokan aikinsa suka zame ɗaya bayan ɗaya, dashe ya fara bushewa. A nan ne idonsa ya kai kan ruwan da ke malala a banza bayan kowace salla.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jita-jita ta cika gari, baƙi da dama suka ɗaure kaya. Matarsa Linda ta ce, "Baban Joan, mu koma gida." Daga ranar abinci ya gagare shi. Ana cikin haka wani ya yi ƙorafi, wai yaya wanda ba ya salla zai riƙa taɓa ruwan alwala? Baba Jang ya jingine fartanya. Kwana huɗu magudana a toshe, ruwa ya kwanta a ƙofar masallaci, ganye na yaushi.

Inna Uwaliya mai ƙosai ce ta tare ladan. "Malam Nata'ala, ku masu karatu, a wane littafi aka ce a bar itace ya mutu da ƙishirwa? Ko kai za ka naɗe wando ka shiga kwatar?"

Ladan ya yi dariya, ya taka har gidan Baba Jang. "Baba, koma bakin aikinka. Mu mu wanke zunubi, kai ka mai da shi inuwa. Bar ni da masu surutu." Baba Jang ya ɗauki fartanyarsa ya koma aiki.

Baba, kai ne ka zauna lokacin da tafiya ta fi sauƙi. Kai ne dalilin da ɗalibi ke samun wurin karatu shiru, tsoho ya miƙe ƙafa, mai baƙin ciki ya yi kukansa ba mai kallo. Gwarzon Gwarzo!

Ga abin da ke tayar da hankali: ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi, kuma har yau ba a turo magaji ba. Jiya ya tsaya kan sabon dashensa ya ce, "Manyan za su jure. Ƙananan nan nake wa tsoro. Mako ɗaya ba ruwa, shi ke nan."

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Mu kuwa da muka sha inuwar, daga Gwarzo har Kabo, wani ya fito ya koyi aikin tun mai shi yana nan. Zafin bazara ba ya jiran a sa hannu a takarda.